Baba yana jin ƙara amma ba ya gane magana, wankin kunne zai yi magani?

Baban Amira:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema a kan mahaifina. Shekararsa 67, kuma ya yi kusan shekara 30 a kan injin niƙa, daga hantsi har bayan la'asar, kafin ya bar wa ƙanena. Tun bara muka lura sai an maimaita masa magana sau biyu, sau uku. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne, in mota ta tsaya a ƙofar gida shi ne farkon mai cewa an yi baƙi, kiran sallar asuba ma ba ya wuce shi. Amma in jikokinsa suka yi masa magana, ko ana hira mutum biyar a zaure, sai ka ga yana bin bakin mutane da kallo. Jiya Amira ta kai masa kunu, can ta tambaye shi "Kaka, ka sha?" sai ya ce "Me zan sa?" Ya kuma ce da dare kunnensa yana ƙara kamar kukan gyare. Innarmu ta ce dauɗa ce ta toshe, a kai shi a wanke. Wasu 'yan uwa kuma suna cewa yana ji sarai, abin da ya ga dama yake amsawa. Wannan maganar tana ƙona min rai, domin na san Baba ba mai yin kunnen uwar shegu da mutane ba ne. Wa ya san kan wannan abu?

Ɗan Tasha:
Wa alaikumus salam. Maganar Inna ita ce gaskiya, dauɗa ce. Ƙurar injin nan ta shekara da shekaru ina za ta tafi in ba cikin kunne ba? Ni kullum bayan wanka sai na naɗa auduga a tsinken ashana na share nawa, kuma ina jin komai garau.

Maman Walid:
Allah ya ba Baba lafiya. A gwada ɗiga masa man zaitun na kwana uku, mu haka muke yi a gida.

Likitar Kunne:
Wa alaikumus salam Baban Amira. Ba zan iya yanke hukunci ba tare da na leƙa kunnen ba, amma bayaninka ya nuna min inda zan fara nema, kuma ba wajen dauɗa ba ne. Bari in yi maka fasalin kunne tukuna, domin in ka gane ginin za ka gane matsalar da kanka.

Ka ɗauki kunne kamar gidanmu na Hausa: akwai zaure, akwai tsakar gida, akwai ƙuryar ɗaki.

Zauren shi ne wannan fatar da muke gani a waje da ramin da ya shiga ciki. Lanƙwashe-lanƙwashen fatar ba ado kawai ba ne, su ke tattaro sauti su tura shi rami, su kuma taimaka maka ka gane ko ƙara daga gabanka ta fito ko daga baya. Ramin tsawonsa kamar santimita 2 da rabi ne, a ƙarshensa kuma dodon kunne yake, wata fata ce shimfiɗaɗɗiya kamar ta ganga, faɗinta bai kai santimita 1 cikakke ba, kaurinta kuma kamar kashi ɗaya cikin goma na milimita. Sauti ba komai ba ne illa kaɗawar iska. In ta daki wannan fata sai ta yi rawa.

Bayan dodon kunne sai tsakar gida, wani ɗan sarari mai iska a ciki. A nan akwai ƙasusuwa uku a jere, kowanne riƙe da ɗan'uwansa. Sunayen da aka ba su daga siffarsu aka ɗauko: guduma, uwar maƙera, da likkafa. Gudumar tana manne da dodon kunne, tana miƙa wa uwar maƙera, ita kuma ta miƙa wa likkafa. Likkafar nan ita ce ƙashi mafi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam gaba ɗaya, kamar milimita 3, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, kuma in ka gan ta sak likkafar sirdin doki.

Likkafa tana buga wata 'yar taga, bayan tagar kuma ita ce ƙuryar ɗaki, binne a cikin ƙashin kai mai tsananin tauri. A can akwai wani bututu da ya nannaɗe kamar katantanwa, zagaye biyu da rabi da 'yan kai, cike da ruwa. A nan ne ainihin ji yake.

To dauɗa a zaure take tsayawa. Mutumin da dauɗa ta toshe wa kunne komai yakan ragu masa baki ɗaya, kamar ya sa yatsa ya toshe, amma in ka ɗaga murya zai gane ka tsaf. Wanda yake jin mota, yake jin ladan, amma "sha" ta koma masa "sa", ga kukan gyare da dare, ga shekara 30 a kan inji, wannan ƙuryar ɗaki muke zargi.

Malamin Kimiyya:
Likita, ki ba ni dama in ƙara wani abu a kan ƙasusuwan nan, don ɗalibaina kullum suna tambaya me ya sa sauti ba zai wuce kai tsaye ba sai ya bi ta ƙashi uku. Duk wanda ya taɓa nutso a rafi ya san amsar. Kana ƙarƙashin ruwa, mutane na bakin gaɓa suna ta kiranka, da ƙyar kake jin wani abu, domin sautin da ya taso daga iska in ya daki ruwa kusan dukkansa komawa baya yake. To katantanwar nan ruwa ne a cikinta. Da babu tsakar gida, da haka duk duniya za ta zame mana, kamar masu nutso. Dabarar ita ce dodon kunne ya fi tafin likkafa faɗi kamar sau 17, saboda haka ƙarfin da ya bazu a kan faffaɗan wuri sai ya tattaru a ɗan ƙaramin wuri, kamar yadda ƙusa ke shiga katako alhali tafin hannu ba zai shiga ba. Haɗe da ɗan ƙarin da jeren ƙasusuwan ke bayarwa, matsin yakan ninka kusan sau 20 kafin ya isa ruwan. Ashe da Bahaushe ya ce wane yana da kunnen ƙashi, kowa ma da ƙashi a nasa.

Baban Amira:
Ikon Allah. Na gode Malam. Likita, to me ke lalacewa a can ƙuryar? Kuma me ya sa wasu maganganun yake ji, wasu ba ya ji?

Likitar Kunne:
A cikin katantanwar akwai wata shimfiɗa da ta bi tsawonta, in da za a warware ta za ta kai kamar milimita 35. A kanta aka jera wasu ƙwayoyin halitta masu ɗan gashi-gashi a ka. Wani masani ɗan Italiya, Alfonso Korti, shi ya fara bayyana wannan wuri a 1851, har yau da sunansa ake kiransa. Ƙwayoyin iri biyu ne. Na layin ciki kamar 3,500 ne, su ne ke juya motsin ruwa ya zama saƙo irin na lantarki, jijiyar ji ta ɗauka ta kai ƙwaƙwalwa. Na layukan waje kamar 12,000 ne, su kuma aikinsu ƙara wa ƙaramin sauti ƙarfi da tace shi. Ka ga duka-duka ba su kai 16,000 ba a kunne ɗaya, kuma da su aka haife ka, da su za ka tsufa.

Shimfiɗar nan ba ɗaya take ba. A bakin katantanwa siririya ce mai tauri, tana amsa siririn sauti. Can ƙarshe faffaɗa ce mai laushi, tana amsa sauti mai kauri. Ka tuna kalangu: in makaɗi ya matse tsirkiyar da hammata fata ta ɗaure, sai murya ta yi sama, in ya saki ta yi ƙasa. Kowane sauti da mazauninsa a kan shimfiɗar. Wanda ya gano haka, Jorj fon Bekesi, haifaffen Hangari, ya sami lambar Nobel a kansa a 1961. Kunnen yaro mai lafiya yana kama sauti daga mai kaɗawa 20 a sakan ɗaya har zuwa mai kaɗawa 20,000.

Ƙara mai yawa da tsufa, dukansu ɓangaren siririn sauti suka fi fara ci, kamar tabarmar bakin ƙofa da take riga sauran tsufa. Yanzu ka dubi maganarmu ta Hausa. Wasula, wato a, i, u, o, e, da hawa da saukar murya, duk a ɓangaren kauri suke. Amma s, sh, f, ts, c, sirara ne marasa ƙarfi. Saboda haka Baba yana jin "a" ɗin, yana jin karin muryar, ya san ana magana, amma farkon kalmar ya ɓace. "Sha" da "sa" sun zama ɗaya, "fata" da "sata" sun zama ɗaya. Rurin mota da muryar ladan ta lasifika masu kauri da ƙarfi ne, suna isa. Muryar Amira siririya ce. In yana hira da mutum ɗaya a wuri shiru, yana cike gurbin da hankalinsa da kallon baki. In mutum biyar suka haɗa murya, sai dabarar ta gaza. Don Allah ka gaya wa masu cewa yana yi da gangan su daina. Mutanen da ke cikin wannan hali suna gajiya ƙwarai, kuma da yawansu a hankali suke janye jiki daga zaman majalisa saboda kunyar yawan cewa "na'am?"

Abin da ya fi min ciwo in gaya wa iyalan marasa lafiya shi ne waɗannan ƙwayoyin in sun mutu ba sa sake fitowa a jikin mutum. Tsuntsaye da kifaye nasu yana tsirowa, an tabbatar da na tsuntsaye tun shekarun 1980, kuma masu bincike suna ta neman yadda za a yi wa mutum haka, amma yau babu ƙwaya, babu allura, babu abin ɗigawa da zai dawo da su. Kukan gyaren kuma yawanci daga nan yake: ƙwaƙwalwa ta daina samun saƙo daga wani yanki, sai ta shiga ƙirƙiro nata.

Ɗan Tasha:
Likita na ji bayaninki, amma ni fa ban yarda a bar kunne ba shara ba. Musulmi da tsafta aka san shi. In ba a share ba ina dauɗar za ta?

Likitar Kunne:
Waje za ta, Malam, da ƙafarta. Fatar ramin kunne tana tafiya a hankali daga dodon kunne zuwa bakin rami, tana ɗauke da dauɗar, motsin muƙamuƙi lokacin tauna da magana yana taimaka mata. Kuma a kashi ɗaya cikin uku na bakin ramin kawai ake yin ta. Ba ƙazanta ba ce, maiƙo ne da ke hana fata bushewa, yana kama ƙura, yana hana ƙwayoyin cuta sakewa. In ka tura auduga, kaɗan kake fitowa da shi, sauran ka danna shi can ciki inda babu hanyar fita, kamar mai ɗura bindiga. Mafi yawan toshewar da nake cirewa a asibiti, a kunnen masu yawan shara nake samu. Shafar kunne ta alwala, yatsa a bakin rami da bayan kunne, ta wadatar.

Ɗan Damagaram:
Gafara dai Likita. Kakanninmu da gashin kaza suke sosa kunne, har suka tsufa ba mu ji sun kurumce ba. Kada a mai da komai na gargajiya laifi.

Likitar Kunne:
Ban ce duk wanda ya sosa zai kurumce ba, ɗan'uwa. Da yawa suna tsira. Amma waɗanda ba su tsira ba wurina suke zuwa, ku ba ku ganinsu. Na ciro karyayyen gashin kaza, na ciro kan ashana, na ga wadda yaro ya faɗo mata tana cikin sosawa tsinken ya huda dodon kunne. Kashi biyu cikin uku na cikin ramin fata ce siririya a kan ƙashi, ɗan ƙarzane kaɗan ya isa ƙwayar cuta ta shiga, musamman da damina. Kuma susar da kanta take ƙara ƙaiƙayi, domin ka kwashe maiƙon. In ƙaiƙayi ya dame ka a duba, sau da yawa ciwon fata ne ko fumfuna, kuma suna da magani.

Ɗan Tasha:
To ni dai in na sosa na dama har tari nake yi. Wannan kuma mene ne?

Malamin Kimiyya:
Wani reshe ne na jijiyar da ke kula da maƙogwaro da ƙirji ya ratsa ta fatar ramin kunne. In ka taɓa shi ƙwaƙwalwa sai ta ɗauka abu ne ya shiga maƙoshi. Ba kowa ke da wannan ba. Amma alama ce ta cewa tsinkenka yana nisa.

Ga wani gwaji da kowa zai iya yi yanzu. Ka rufe baki ka yi "mmm", sannan ka toshe kunne ɗaya da yatsa. Za ka ji muryarka ta koma kunnen da ka toshe, ta ƙara ƙarfi. Dalili shi ne sauti yana da hanya ta biyu, ta ƙashin kai, kai tsaye zuwa katantanwa. Shi ya sa in ka ji muryarka a saƙon murya na WhatsApp take zame maka baƙuwa, ka saba jin ta haɗe da kaurin da ƙashi ke ƙara mata. Likitoci da wannan hanyar suke bambance toshewar zaure ko tsakar gida da lalacewar ƙurya.

Hajiya Babba:
Likita 'yata, Allah ya yi miki albarka. Ni jikana ne, shekararsa 3, duk sanda ya yi mura sai ya kwana yana kuka yana jan kunne, bayan kwana biyu sai ruwa mai wari ya fara fita, shi kuma sai ya yi shiru. Uwarsa tana matsa masa ruwan albasa. Wata maƙwabciya ta ce nono ne ya shiga kunnen tun yana jariri.

Likitar Kunne:
Amin Hajiya, na gode. Ku sa a daina ruwan albasar yau ɗin nan, kuma kada a ɗiga komai sai wanda likita ya rubuta. Ba nono ba ne ya shiga ta waje. Tsakar gidan nan da na faɗa tana da wata ƙofar baya, siririn bututu da ya sauka zuwa bayan hanci. Shi ne ke daidaita iska, shi ya sa in kunne ya toshe a mota kan hawan dutse, kamar hanyar Jos, kuka haɗiye yawu sai ku ji ya buɗe. A yara bututun gajere ne kuma kusan a kwance yake, mura tana hawa ta cikinsa cikin sauƙi. Mugunya ta taru a bayan dodon kunne, ta matse shi, shi ne kukan daren. In fatar ta fashe mugunyar ta fito sai zafin ya lafa, ku ɗauka an warke, alhali huda aka samu. Duk abin da aka zuba yanzu kai tsaye yake shiga tsakar gida.

Abin farin ciki shi ne wannan ɓangaren yana gyaruwa. Sabuwar huda yawanci da kanta take rufewa cikin makonni in an kashe ciwon kuma an hana ruwa shiga. Wadda ta ƙi rufewa ana yi mata faci da tiyata. Amma in aka bar shi shekara da shekaru yana zuba, yana iya cinye ƙasusuwan nan uku, yana iya kaiwa ga ƙashin bayan kunne har ƙwaƙwalwa. Kuma yaro ɗan shekara 3 yanzu yake ɗiban magana, duk watan da ya yi yana ji dishi-dishi asara ce. A rage masa zama cikin hayaƙin murhu, hayaƙi yana kumbura wannan bututun. Maman Walid, man zaitun yana tausasa busasshiyar dauɗa, gaskiya ne, amma sai an tabbatar babu huda.

Tunda ana maganar yara: mari a kan kunne yana fasa dodon kunne nan take, iskar da tafin hannu ya tura ita ke yin ɓarnar. Iyaye da malamai a kiyaye. In yaro ya tura wake ko masara kada a zuba ruwa, kumbura zai yi. In ɗan ƙaramin batirin agogo ne, a tafi asibiti a wannan sa'ar, yana ƙona nama.

Mai Maganar Hannu:
Salam. Na daɗe ina karanta wannan zaure ban taɓa rubutu ba, yau zan yi. Ni kurma ne. Ina ɗan shekara 9 sanƙarau na 1996 ya kama ni a Kano, shekarar da cutar ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya ta kashe fiye da 11,000. Na farfaɗo na ga bakin mahaifiyata yana motsi, babu murya. Na ɗauka wasa take min. An kai ni wurin masu magani iri-iri, an zuba min abubuwa a kunne da ban san adadinsu ba, an ce aljani ne, an ce sammu ne. Shekara biyu na yi a gida ba makaranta kafin wani kawuna ya kai ni Tudun Maliki. A can na koyi maganar hannu, na ci gaba da karatu, yau ina da sana'a da mata da 'ya'ya uku, dukansu suna ji.

Bayanin Likita na yau shi ne abin da na so a ce wani ya yi wa iyayena a lokacin. Da ba su sayar da gona suna neman abin da ba zai dawo ba. Roƙona biyu ne. A kai yara rigakafi. Sannan a daina kiran mu bebaye kamar harshenmu ne ya mutu ko hankalinmu. Yawancin waɗanda ake kira bebe lafiyar maƙogwaronsu ƙalau, ba su ji magana ba ne tun suna jarirai shi ya sa ba su koya ba. In yaronka bai ji, ka ba shi maganar hannu da wuri, kai ma ka koya. Baban Amira, ka riƙa fuskantar Baba in za ka yi magana, haske a fuskarka, kada ka rufe baki, kada ka yi ihu.

Hajiya Babba:
Allahu Akbar. Ɗana ka sa ni hawaye. Allah ya raya maka zuri'a.

Likitar Kunne:
Na gode da ka yi magana, Yaya, ka faɗi abin da ya fi nawa nauyi. Sanƙarau yana bi ta ruwan da ya kewaye ƙwaƙwalwa ya shiga katantanwa, wani lokaci ma bayan ciwon sai ƙashi ya cike ta. Shi ya sa duk yaron da ya tashi daga sanƙarau ya kamata a gwada jinsa da wuri. Ƙyanda da hangum su ma suna kurumtarwa, haka shawara mai tsanani a jariri, haka zazzaɓin Lasa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka warke suna samun matsalar ji. Kuma maganarka ta ihu daidai ce: kunnen da ƙwayoyinsa suka lalace ƙaramin sauti ba ya isa gare shi, babba kuma yana yi masa zafi.

Yanzu jariri ɗan kwana biyu ma ana iya gwada shi yana barci. Wani masani a Landan, Debid Kemp, ya gano a 1978 cewa kunne mai lafiya in sauti ya shiga yakan mayar da wata 'yar amsa, daga ƙwayoyin layin waje, kuma na'ura tana iya ɗaukar ta. Inda babu na'urar, uwa ta lura: yana firgita in ƙofa ta buga? A wata 6 yana juyowa wajen murya? Ya shekara yana gwalantu yana kiran "baba", "mama"? In a'a, kada a ce gadon gida ne rashin magana da wuri.

Ummu Hanan:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, zan ƙara batun allurai. Ƙanwata ta yi zazzaɓi, wani mai kemis a unguwarsu ya yi ta yi mata allurar jentamaisin fiye da mako, ba gwaji ba lissafin nauyi. Yau jinta ya ragu, tafiya cikin duhu ma tana yi mata wuya. Maganin yana da amfani a inda ya dace, yana ceton rai, amma shi da danginsa irin su sitiraftomaisin suna kashe ƙwayoyin nan na cikin katantanwa in an wuce ƙima. Kwinin ma yana sa kunne ƙara, ko da yake nasa yawanci yana wucewa in an daina. Duk wanda ake yi wa allura ya ji kunnensa ya fara ƙara ko jiri, ya faɗa nan take.

Maman Walid:
Anti, me ya haɗa kunne da tafiya kuma?

Ummu Hanan:
Maƙwabta ne a ƙuryar. Kusa da katantanwa akwai wasu bututu uku masu lanƙwasa da ruwa a ciki, su ke gaya wa ƙwaƙwalwa kai ya juya, da wasu 'yan jakunkuna biyu masu ƙananan duwatsu da ke gane sama da ƙasa. In yara suna wasan hajijiya suka tsaya suka faɗi, ruwan ne bai gama juyawa ba.

Mai Kayan Sauti:
Ni sana'ata kai kayan sauti gidan biki, shekara 11 ke nan. In ban ƙure ba masu biki cewa suke kayana ba su da ƙarfi, gobe wani za su kira. Kuma gaskiya in na dawo kunnena yana yin "diii" amma da safe ya ware. Tunda yana warewa ai ba matsala ko?

Malamin Kimiyya:
Akwai matsala, ɗan'uwa, wannan "diii" ɗin kukan ƙwayoyin ne da suka jigata. Ciyawa in an taka ta sau ɗaya tana miƙewa, in aka mai da wurin hanya sai ta mutu. Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Raɗa kamar 30 ce, hira kamar 60. Ma'aunin da masu kula da lafiyar ma'aikata a Amurka suke ba da shawara shi ne desibel 85 na awa 8 a rana, kuma duk ƙarin 3 sai a raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, in ta kai 100 minti 15 kacal. Gaban manyan lasifikokin biki yana kaiwa 100 har ya wuce. Wayar hannu ma in an ƙure ta da iyafis a kunne tana kusantar haka, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan 1 suna cikin haɗari. Ba sai kana da na'urar awo ba: in mutum yana nesa da kai tsawon hannu ɗaya amma sai ka ɗaga murya sosai kafin ya ji, wurin ya kai haddi. Masu niƙa, masu walda da saran ƙarfe, masu kwana kusa da janareta, duk jirgi ɗaya.

Mai Kayan Sauti:
Sana'ar ba zan iya bari ba Malam, da ita nake ci da iyali.

Likitar Kunne:
Ba wanda ya ce ka bari. Ka sayi abin toshe kunne na soso, irin na ma'aikatan masana'anta, ba shi da tsada, kuma za ka ci gaba da jin kiɗan. Auduga ba ta tare komai kirki. Ka tsaya a bayan lasifika ba gabanta ba, ka riƙa fita kana hutawa, kuma ka roƙi mata su ɗauke jarirai daga gaban kayan. Ka je a gwada ka yanzu don ka san inda kake. Abu ɗaya kuma ga kowa: wanda ya wayi gari kunne ɗaya ya ɗauke ɗif ba dalili, kada ya jira ya ce sanyi ne, akwai maganin da ke iya taimakawa amma a kwanakin farko ne.

Baban Amira, ka kai Baba sashen kunne, hanci da maƙogwaro na babban asibitin da ya fi kusa da ku, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Ka ce a leƙa kunnen sannan a yi masa gwajin ji.

Baban Amira:
Jama'a na dawo da bayani, yau kwana 9. Mun je. Inna ta ci rabin gaskiya, an sami dauɗa a kunnen hagu an zuƙe ta, ya ce ya ɗan ji sauƙi. Dodon kunnensa duka biyu lafiya lau. Amma da aka sa shi a ɗan ɗakin gwaji aka ɗora masa abin sauraro, takardar ta fito yadda Likita ta faɗa: ɓangaren kauri kusan daidai, daga nan layin da ke kan takardar ya gangara, ya yi rami sosai a wajen sauti mai kaɗawa 4,000 a sakan ɗaya. Mai gwajin ya ce wannan ramin sawun inji ne. Sun ba da shawarar na'urar ƙara ji a kunne biyu, wadda za a saita daidai da takardarsa, sun ce kada mu sayi ta kasuwa da ke ƙara komai gaba ɗaya. Baba ya ce shi ba zai sa abu a kunne ya shiga masallaci ana kallonsa ba. Ban matsa masa ba tukuna.

A hanyar dawowa na nuna masa takardar na yi masa bayanin katantanwa, ina fuskantarsa kamar yadda Yaya Mai Maganar Hannu ya ce, a hankali, kuma bai ce "na'am?" ko sau ɗaya ba. Ya yi shiru, can ya ce in tsaya a kasuwa. Abin toshe kunne ya sa na saya, guda biyu, na ƙanena da na yaron da ke taya shi a injin, shi ya kai musu da kansa.

Likita, in ya amince da na'urar, ƙurar hunturu ba za ta lalata ta ba? Kuma yaya zai yi da ita wajen alwala?

Likitar Kunne:
Ya cire ta kafin alwala, ya bari kunnen ya bushe sannan ya mayar. Da dare a goge ta da busasshen ƙyalle a sa a gwangwaninta a rufe. Makonnin farko komai zai yi masa hayaniya, har takun takalminsa, domin ƙwaƙwalwa ta daɗe rabonta da waɗannan sautukan, sai ya fara da awa biyu uku a cikin gida. Ka roƙi masu saitawa su bari ya gwada ta a wurin, kuma ka tafi da Amira ranar, ita za ta fara yi masa magana.